Takalmin Bunyaminu na Hagu

Ranar da labarin ya iso mini, da dariya ya iso.

Ina durƙushe a madafa ina juya miyar kifi, Inna tana kwashe tuwon shinkafa na baƙi, sai muka ji babur ya tsaya a ƙofar gida. Haliru ne, mai ɗauko mutane daga bakin gulbi zuwa cikin Illo. Tun kafin ya kashe babur yake ƙyaƙyata dariya.

"Malam Namadi! Surukanku sun sha wanka!"

Baba yana zaure da ƙannenshi suna jiran baƙi. Muna jin komai ta bayan katanga.

"Wane irin wanka, Haliru?"

"Jirginsu ya hau kututture dab da gaɓa, ya kihe! Ka ga dattawa da manyan riguna suna iyo, huluna na tahiya bisa ruwa!"

"Subhanallahi! An rasa rai?"

"Haba Malam, Sarkawa ne fa! Duk sun hito, suna can suna matsar riguna. Ango kaɗai ba a gani ba tukuna. Sun ce ya bi kwandon goro da ruwa ya ja. Ka san shi da wasan ruwa."

Zaure ya ɗauki dariya. Inna ma ta yi murmushi ta ce, "Oh, Bunyaminu!"

Ni kuwa ludayi ne ya suɓuce daga hannuna.

Duk faɗin Illo mutum biyu ne suka san Bunyaminu ba zai iya iyo ba a ranar. Ni, sai Safina ɗiyar baffana, wadda ke zaune a gefena tana yanka albasa.

Bari in koma baya, don a gane. Ban yi karatu mai nisa ba, a aji huɗu na tsaya, amma abin da ya faru ban manta ko ɗaya ba.

Sunana Hamdiyya. Kifi nake soyawa ina saidawa ranar kasuwa. A bakin gulbin Kwara nake sarowa wurin Sarkawa masu su, kuma a nan na fara ganinshi. Ruwa ya janye, samari suna ƙwallo a kan yashi babu takalmi. Na ɗora kwanon kifina a kai ke nan, sai ji na yi tim! Ƙwallo ta faɗo cikin kwanon, kifi ya watse a ƙasa.

Wani dogo baƙi ya rugo yana haki.

"Ki yi haƙuri, 'yar Illo. Raga na nuhwa."

"Kaina ne raga?"

"To ai ta shiga," ya ce. "Ci ɗaya ke nan."

Na so in zage shi, dariya ta riga ni fita. Ya tsince kifin ɗaya bayan ɗaya, ya wanke a gulbi, ya ƙara mini ƙatuwar tarwaɗa daga jirgin babanshi.

Daga ranar ban sake sarar kifi wurin kowa ba sai wurinsu.

Tungarsu tana ƙetaren gulbi. Mahaifiyarshi, Inna Tasallah, daga ɓangaren Benin aka auro ta, don haka yana jin Dendi yana jin Hausa, kuma ko'ina aka buga wasa a bakin iyaka sai an aiko a ɗauke shi. Wani koci daga Birnin Kebbi ya gan shi, ya ce ya zo gwaji. Ya saya mishi takalmin ƙwallo, na farko a rayuwarshi.

Ranar tafiya ya zura ƙafa a takalmin da safe, kunama ta harbe shi a babban yatsa.

Da ya zo yi mini sallama yana ɗingishi, na yi ta dariya har da hawaye.

"Basarke guda bai san a kakkaɓe takalmi ba?"

"Ina na saba da shi? Hamdiyyata, in mun yi aure aikinki guda ne. Ba ni son tuwo, ba ni son wanki. Kullum da sahe ki kakkaɓe mini takalmi, kada kunama ta harbi ƙafar Najeriya."

"Ƙafar Najeriya! Ji shi!"

"Za ki gani..."

Ya ci gwajin da kumburarren yatsa.

Baba ne bai yarda ba. Manomi ne, albasa da shinkafa, mutum mai magana ɗaya. Da Inna ta kai mishi zancen, cewa ya yi, "Ƙwallo ba sana'a ba ce. Mai cin abinci da ƙafa, ranar da ƙafar ta karye mi zai ci? Mi ɗiyata za ta ci?"

Bai hana ni magana da shi ba, bai kuma ce in kawo wani ba. Ya dai rufe bakinshi, kuma shirun Baba ya fi faɗan wani zafi.

Shekara biyu muna haka. Tunda ba ni iya karanta dogon rubutu, saƙon murya yake turo mini. In shiga ɗaki, in kara waya a kunne, in ji shi yana cewa, "Hasken gulbina, kin ci abinci?"

Sai aka kira shi cikin matasan da za su buga wa ƙasa.

Ranar wasan nan babu wanda ya je gona bayan azahar. Maza sun cika gidan kallo har waje, dangin uwarshi daga Benin sun tsallako a kan babura, su da ba ƙasarsu ke wasa ba. Mu mata muka taru a gidan maƙwabciyarmu mai sola, talabijin a kan turmi. Ƙasar da suka kara da ita har yau ba ni iya faɗin sunanta daidai.

Ɗaya da ɗaya ake, lokaci ya kusa ƙarewa. Aka ba shi ƙwallo a tsakiyar fili. Wani ƙato ya take mishi dunduniya ta baya, takalmin hagu ya fita ya yi gefe.

Muka ce, "Wayyo!"

Bai tsaya ba. Wanda ya tashi a kan yashi, mene ne takalmi a wurinshi? Ya ci gaba da gudu da safa, ya wuce ɗaya, ya wuce biyu, tun daga nesa ya ɗaga ƙafar nan marar takalmi ya narka mata duka.

Raga ta girgiza!

Ihun da aka yi a Illo, an ce har a ƙetaren iyaka an ji shi. Tsofaffi suna guɗa, wata ta kifar da tukunyar kunu ba ta sani ba.

Shi kuwa bai yi rawa ba, bai cire riga ba. Komawa ya yi ya ɗauki takalmin, ya zo gaban na'urar ɗaukar hoto, ya kifa shi, ya kakkaɓe sau uku a tafin hannunshi, ya yi murmushi.

Mata suka ce, "Wane sabon salo ne wanga?"

Na rufe fuskata da mayafi. Duniya duka tana kallo, amma da ni kaɗai yake magana.

Da ya dawo gida, takalmin ya kawo mini a cikin leda.

"Ki hwara koyon aikinki," ya ce.

Bayan ƙwallon nan Baba ya sauko. Duk inda ya zauna sai an ce da shi, "Malam, ashe surukinka ne?" Wata rana ya ce da Inna, "In da gaske yake, bayan damina su turo."

Safina ma ta sauya. Da can cewa take, "Mi za ki yi da mai ƙarnin kihi?" Yanzu ta samo lambarshi tana tura mishi hotuna. Ya gaya mini, ya kuma ce da ita, "Ke ƙanwata ce, ki tsaya a nan." Ba ta yafe mana wannan ba.

Ana cikin damina ya ji ciwo a wurin atisaye a kulob ɗinsu. Gwiwar hagu ce. Aka yi mishi aiki, aka ɗaura mishi wani abu na ƙarfe da roba tun daga cinya har ƙwauri, mai hana ƙafa lanƙwasuwa. Da sandar asibiti yake tafiya. Likita ya ce wata shida zai koma fili.

"Kada ki hwaɗa ma kowa, masoyiyata," ya ce a saƙo. "Ko Innata ban gaya mata ba. Abin da aka sani a tunga, ranar kasuwa yana Illo. In Babanki ya ji, kin san abin da zai ce."

Na sani. Maganarshi ta farko ce za ta tabbata.

Na bar wayar a kan tabarma na tafi ɗebo ruwa. Safina ta saurari saƙon.

Bayan kwana biyu Baba ya kira ni zaure. Safina tana tsaye a bakin ƙofa, idonta a ƙasa.

"Hamdiyya, an ce yaron nan ya zama gurgu."

"Ƙarya ne, Baba."

"Safina ta ce da kunnenta ta ji."

"Hassada ce! Sonshi take, ya ƙi ta. A duba wayarta a gani!"

Aka duba, aka ga hotunan. Baffa ya kusa kashe ta da duka. Daga ranar ko gaskiya ta faɗa a gidanmu, sai a ce, "Ke dai Safina..."

Baba ya dube ni ya ce, "Na yarda da ke. Amma ranar da iyayenshi za su zo, shi zo tare da su. Ba al'ada ba ce, na sani. In gan shi yana tahiya da ƙafarshi daga zauren nan zuwa masallaci. In kuwa na tarar ƙarya kika yi mini, babu aure, kuma ni da ke sai a lahira."

Na kira Bunyaminu ina kuka.

"Mu gaya mishi gaskiya," ya ce. "Wata shida ne kawai."

"Ba ka san Baba ba! Na riga na ce ƙarya ne!"

"To mi kike so in yi, hasken gulbina?"

Ni ce na tsara komai. Ni, da bakina.

"Ka ɗaure abin tamau yadda zai riƙe ka. Ka bar sandar a mota. Ka sa babbar riga, mai nauyi, wadda za ta ruhe har idon sawu. In an ga kana ɗingishi ka ce targaɗe ne."

"Sai dai ta ruwa za mu zo," ya ce. "A gidanmu ba a neman aure ta gada. Baffannina sun ce Basarken da ya je neman mata a mota, 'ya'yanshi ba za su iya riƙe filafilin tuƙa jirgi ba."

"To ka zo ta gada kai kaɗai mana."

"Su tambaye ni dalili in ce mi?" Ya yi dariya. "Kwara ce fa, Hamdiyya. Uwata ce. A cikinta na koyi tahiya."

Ni ma a raina na yarda ruwa ba ya cin Basarke. Haka kowa ke faɗa tun muna yara.

Daga birni ya zo kai tsaye bakin gulbi ta ɓangarensu, ya tarar da dattawa tara a jirgi, ya shiga ya zauna da rigarshi ta shadda. Babu wanda ya san abin da ke ƙarƙashinta.

To, shi ne Haliru ya zo da dariyarshi.

Safina ta ajiye wuƙa. Ta dube ni, na dube ta.

"Hamdiyya," ta ce a hankali, "ki hwaɗa musu."

Ina ce wa kaina, wataƙila ya kama wani abu. Wataƙila yanzu za a ji sallamarshi, ya shigo a jiƙe yana dariya. In na yi magana ya kuma fito lafiya, na rusa aurenmu da hannuna, na rasa Baba.

"Hamdiyya!"

Na yi shiru.

Ta miƙe da gudu ta yi zaure ko mayafi babu.

"Baba! Ƙafarshi a ɗaure take da ƙarhe! Ba ya iya iyo! Ku tahi ku neme shi!"

Na ji muryar Baffa. "Ke! Ba ki daddara ba? Yau ma? Koma ciki kahin in saɓa miki!"

"Wallahi gaskiya nake hwaɗi! Wallahi!"

"Hassada za ta kashe yarinyar nan," in ji wani.

Aka turo ta cikin gida tana ihu. Ƙaryata ce ta toshe musu kunne.

Ban san tsawon lokacin da na ɗauka a durƙushe ba. Miyar dai ta kama, na ji ƙaurinta. Ƙaurin ne ya tashe ni. Na tafi zaure da rarrafe, na kama ƙafar Baba a gaban ƙannenshi.

"Baba, gaskiya ta hwaɗa. Ni na yi ƙarya. Ku cece shi... don Allah ku cece shi!"

Baba ya miƙe. Ya cire ƙafarshi daga hannuna, ya haye bayan babur ɗin Haliru ko takalmi bai sa ba.

Da suka isa, dattawan suna zaune a inuwa, riguna a shanye bisa ciyawa, suna ta zolayar junansu a kan wanda ya fi shan ruwa. Suna jiran ango ya dawo da goro.

Sai a lokacin aka tura jirage.

Washegari da hantsi aka same shi, can ƙasa da inda suka kife, a bayan wata kwanar gulbi, ƙarƙashin wata bishiyar giyayya da ruwa ya cinye rabinta. Rigar ta naɗe a ƙarfen. Tafin hannunshi duk ya saɓule. Wani tsoho ya ce alama ce ya daɗe yana riƙe da reshe. Wani ya ce a'a, ruwa ne ya goga shi a jikin itace.

Har yau ban san wanne ne gaskiya ba. Ban sani ba ko lokacin da nake durƙushe gaban miya yana can yana riƙe da reshe yana jiran a zo. Na tambayi malamai, sun ce kwana ne ya ƙare. Na yarda. Amma yarda daban, barci daban.

Shekararshi ashirin da ɗaya.

An zo jana'iza daga Bagudo, daga Birnin Kebbi, daga Benin. An ce har a rediyo an faɗa. Ni ban ga komai ba, ina ɗaki fuskata a bango. Ba matarshi ba ce ni, ba ni da takaba, ba ni da wurin zama a cikin masu karɓar gaisuwa. Safina ce ke kawo mini kunu ta ajiye ta fita. Ba mu taɓa tayar da maganar ba, ni da ita. Mi za mu ce? Ta so ta raba mu, ta kuma so ta cece shi. Ni na so shi, na yi shiru.

Bayan arba'in Inna Tasallah ta ƙetaro ta zo gidanmu. Na faɗi a gabanta na gaya mata duka, har maganar riga mai nauyi. Na so ta mare ni. Da ta mare ni da na ji sauƙi.



"Ni na haihe shi, bai gaya mini ba," ta ce. "Ke ya gaya ma."

"Inna, ki yahe mini..."

"Ɗiyata, namu da suka zauna matsar riguna fa? Babanki da ya ce shi zo da ƙafarshi fa? Shi kanshi da ya shiga jirgin yana sane fa? Laihin wanga in aka raba shi kowa zai samu rabonshi, kuma ba zai maido mini da ɗana ba."

Na ɗauko takalmin na miƙa mata. Ta shafa shi, ta mayar mini.

"Na dama yana wurina. Riƙe naki."

Baba bai cika alkawarin da ya yi na rabuwa da ni ba. Bai kuma taɓa ce mini ya yafe ba. Da rani ya zo, sai ganinshi aka yi yana baje kunyoyin gonarshi ta albasa, wadda ke bakin hanya, ta fi kowace kyau. Ya kafa itace biyu a nan, biyu a can. Ya ce da samari, "Ku buga."

Yau shekara huɗu. Filin Bunyaminu ake ce da wurin. Duk bayan girbi ana gasa, ana zuwa daga Lafagu, daga Kende, daga ƙauyukan Benin. Baba yana shimfiɗa buzunshi a gefe ya zauna har a tashi, mutumin da ya ce ƙwallo ba sana'a ba ce. Ba ya tafa hannu, ba ya magana. Biyu daga cikin masu buga wasa a filin an ɗauke su zuwa birni.

A tungarsu kuma yanzu ko jirgi bai kife ba, da an taɓa gaɓa sai an ƙirga kawuna kafin kowa ya taka ƙasa.

Duk wanda ya ci ƙwallo a filin nan, sai ya cire takalmin hagu, ya kifa, ya kakkaɓe sau uku a tafin hannu. Marasa takalmi ma suna yi da silifas ɗin aro. Sun ce salon Bunyaminu ne, yana kawo sa'a. In na biyo hanyar da kwanon kifina na gani, sai in sauya hanya. Ba su san saƙo ba ne, ba su san wadda aka aika wa ba.

Masu neman aure sun zo, mutanen kirki. Inna tana kallona, ni ina kallon ƙasa. Wataƙila wata rana in iya. Ban iya ba tukuna.

Takalmin yana bakin ƙofar ɗakina, daga ciki. Kullum in na idar da sallar asuba, kafin in hura wuta, sai in ɗauke shi in kifa, in kakkaɓe sau uku.

Sau ɗaya, a daminar bara, kunama ta faɗo daga ciki, baƙa, ƙatuwa. Na kashe ta da muciya. Na zauna a ƙasa na yi kuka har rana ta fito, amma a ranar na ci abinci da yawa.

Yau da safe babu komai a ciki. Na kakkaɓe, na mayar da shi wurinshi.